Ranar da Na Ƙi Kauce wa Abla

Abbanmu gashin tsire yake yi a wani gidan abinci da ke unguwar Hindawiyya, kuma mai gidan abincin shi ne kafilinsa, wato wanda ya tsaya masa a wurin hukuma. Da sunan mutumin nan iƙamarmu take, wato takardar izinin zama, ta Abba da ta Umma da tamu 'ya'ya. A Jidda aka haife ni, a nan aka haifi Abba, kakata Hajiya kuwa tana goye aka tsallako teku da ita daga Sudan, bayan iyayenta sun yi shekaru a hanya daga ƙasar Hausa. Duk da haka izinin zamanmu sabunta shi ake yi, kuma kowace Salla sai mun yi kwalliya mun je gaida gidan kafili, can arewacin gari inda tituna ke da faɗi.

A irin wannan gaisuwar Salla ce 'yar gidan ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce ina da dogon hannu. Ta ɗan girme ni, don haka Abla nake ce mata, yadda Umma ta koya mini. Ta tambaye ni ko na san iskwash, na ce ban taɓa ji ba. Ta ce ba komai, bango zai koya mini, ita dai abokiyar bugu take nema, ƙawayenta duk sun watse sun koma wani wasan da ake yayi. Mahaifiyarta, wadda muke kira Khala, ta ce da Umma ta riƙa ba su aron ni bayan makaranta. Umma ta yi ta godiya kamar gurbin jami'a aka ba ni.

Wurin wasan wani nadi ne, wato kulob, na mata, mai ƙamshin turare da sanyin na'ura. Dokarsu ita ce kowace mamba tana iya shigowa da baƙuwa ɗaya. Ni ce baƙuwar Abla. In ba da ita ba, ko mai gadi ba zai amsa sallamata ba. Direbansu kan tsaya mini a bakin babban titi, don motar ba ta iya shiga lungunmu, in fito da jakata a ƙarƙashin abaya, yaran unguwa na tambayata ko kifi zan je kamawa da wannan raga mai mariƙi.

Ɗaki ne fari, bango uku na siminti, na huɗun gilashi ne a baya da 'yar ƙofa a jikinsa. Ƙasan katako ne da jajayen layuka. Mutum biyu ke shiga, kowa da raket, su riƙa dukan wata 'yar ƙwallon roba baƙa da ba ta kai ƙwan kaza ba, tana bugun bangon gaba tana dawowa. Wanda ya bari ta dira ƙasa sau biyu kafin ya kai mata, an ci shi. Babu raga a tsakani, babu gefenka da gefena. Ƙasa ɗaya kuke takawa, kana jin numfashin ɗan'uwanka a wuyanka.

Ni yarinya ce mai yawan zama shiru. In an neme ni an rasa, ina kan soro da littafin waƙoƙi, ina kallon jiragen alhazai suna sauka. Ban taɓa zaton akwai abin da zai sa in yi gudu har in jiƙe da zufa ina murna ba. Ƙwallon ce ta fara kama zuciyata. Da sanyinta ba ta tashi, sai ta faɗi ɗif kamar curin tuwo. Sai an dake ta an sake duka ta ɗauki zafi sannan ta fara tsalle, in ka ɗauke ta a tafin hannu bayan wasa ka ji ɗumi kamar ɗan tsako. Sai kuma sautin. Idan bugu ya daidaita tsakanin mutum biyu, na wannan na bin na wancan, lugude sak, irin wanda Hajiya da maƙwabciyarmu kan yi in ana dakan yajin tsire a tsakar gida. Nakan koma gida da wannan sauti a kunnena, in yi barci da shi.

Ban daɗe ba na iya. Hannuna ya gane yadda ake sa ƙwallo ta bi jikin bango kamar ƙadangare, da yadda ake ajiye ta a lungun gaba ta mutu a can. Amma Abla ce ke cin kusan kowane wasa, kuma ni kaina ban san dalili ba.

Gidanmu tsohon bene ne, gida huɗu muke ciki, matakalarsa mutum ɗaya take ɗauka. Tun ban iya ɗaura ɗankwali ba na san dokarta. In ka hango babba yana saukowa, ka koma ƙasa ka jira. In kun yi kiciɓis a tsakiya, ka manne da bango ka sunkuyar da kai har ya wuce. Ba a gilma wa babba ta gaba, zagayawa ake yi ta bayansa a rusune. Ba a ɗaga hannu a ce babba ya tare hanya. Hajiya ce ta koya mana wannan da bakin mafici, Umma kuma ta ƙara mana nata: a waje kowa babba ne, don mu baƙi ne, baƙo kuwa raɓa ne, ba ya zama a tsakiyar tabarma.

Da wannan jikin na shiga ɗakin iskwash. A wasan nan akwai wuri ɗaya da kowa ke nema, inda jajayen layuka suka haɗu a tsakiyar ɗaki. Wanda ya tsaya a nan, ko'ina ƙwallo ta faɗi kusa take da shi, ɗayan kuma sai ya yi ta zagaye kamar jakin niƙa. Ni ban taɓa tsayawa a wurin ba. In na buga, sai ƙafafuna su kai ni jikin bango da kansu. In zan je wa ƙwallo Abla na kan hanya, sai in zagaya ta bayanta, kafin in isa ƙwallon ta dira sau biyu. Ba wanda ya ce in yi haka, ni ma ban ƙudurta ba. Abla kuwa ta saba da samun tsakiya a share kamar shimfiɗarta, har ta ɗauka haka wasan yake.

Ana nan sai labari ya zo cewa za a yi wani babban taron wasanni na ƙasashe, irin wanda ake haɗa masu gudu da masu iyo da masu kokawa wuri ɗaya, kuma za a zaɓi 'yan mata su buga wa ƙasa iskwash. Abla ta sa rai. Mahaifinta ya ɗauko mata mai horarwa, wata Bamisriya gajeriya mai faɗin kafaɗa da gwiwa ɗaya da ba ta lanƙwasuwa sosai. Kowa Kabtin yake ce mata.

Kabtin na son magana in muna hutawa a kan bencin bayan gilashi. Daga bakinta na ji cewa wasan nan namu ya daɗe yana ƙwanƙwasa ƙofa. A wasannin nahiyoyi da na yankuna an jima da buɗe masa, ita kanta ta buga a ɗaya tana budurwa. Ta ce an kafa ɗaki na gilashi zalla a tsakiyar wani zaure, 'yan kallo ta kowace fuska, kana ciki kamar kifi a kwalba, ga masu ɗaga ƙarfe na ƙasarsu sun zo sun cika layin gaba suna tafi ba su san ma wa ke ci ba. Amma babban taron duniya, wanda ya fi kowanne, an sha kai masa roƙo yana cewa a dawo wani karon. Har an taɓa cewa ƙwallon ta yi ƙanƙanta, ba a ganinta a talabijin. Gwanayen zamaninta sun tsufa suna jira, gwiwoyinsu suka mutu, sai a 'yan shekarun nan aka ce to, ku shigo. Takan faɗi wannan tana murza gwiwarta, ba ta nuna haushi.

Ni na san babu rabona a taron. Fasfona na ƙasar da ban taɓa takawa ba ne, ƙasar da nake takawa kuwa ba ta ba mai iƙama tutarta ya riƙe. Ban yi kuka a kan wannan ba, abu ne da na tashi na tarar, kamar zafin Jidda. Abin da nake da shi ɗakin nan ne fari, kuma ya ishe ni.

Kabtin ba ta daɗe tana kallonmu ba ta gano ni. Wata rana Abla ta shiga wanka, ta kira ni cikin ɗakin ta tsayar da ni a mahaɗar layuka, ta ce in tsaya nan. Ta juya kamar za ta wuce ta gabana, kafin in ankara na ja da baya har dugadugina ya taɓa bango. Ta yi dariya, sannan ta daina.

"Ya binti, 'yata, doka ta ce in kin buga ki ba ta hanyar zuwa ga ƙwallo. Ba ta ce ki ba ta ɗakin duka ba."

Na ce ban san ina yi ba. Ta ce ta sani, shi ya sa abin ya fi muni. Ta yi mini bayani a fili: waɗanda Abla za ta haɗu da su wajen zaɓe ba za su kauce mata ba, kuma duk ranar da ta buga da ni tana ƙara koyon lalaci ne. Akwai wata yarinya 'yar ƙasarsu Masar a nan Jidda da za ta iya kawowa a madadina. Baƙuwa ɗaya doka ta yarda. Ta ce za ta yi mana wasa na sosai, ita ce alƙali, in na buga yadda hannuna ya iya zan zauna, in na ci gaba da bin bango sai dai in yi haƙuri.

Bayan Magariba na faɗa wa Umma. Tana zaune tana soka nama a tsinke don Abba, Hajiya na kan darduma da carbinta. Umma ba ta ɗago ba ta ce aibu ne. 'Yar mutumin da ke riƙe da takardunmu, ta ɗauke ni a motarsu, ta saya mini takalmi, sannan in je in tsaya mata a gaba? Ta ce in buga da kyau dai yadda Bamisriyar za ta ga ƙoƙarina, amma in bar Abla ta ci, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Na ce matar nan ba a yi mata wayo, ido gare ta kamar shaho. Umma ta ce to sai in bar wasan, ai ba da shi aka haife ni ba.

"Wai a matakala ake wasan nan?" in ji Hajiya.

Na ce a'a, a ɗaki ne.

"To ni matakala na koya miki, ja'ira. Wa ya ce ki ɗauki matakala ki tafi da ita ko'ina a ka?"

Daga nan ta shiga labarin da duk mun haddace, na shekarar da ta sumbaci Hajarul Aswadi tana da cikin Abba, ga ƙattin Turkawa ta dama, ga na Masar ta hagu. Umma ta ce Hajiya, ture mutane a ɗawafi ai ba kyau, malamai sun hana.

"Ni na ture wa? Tsayawa na yi inda Allah ya ajiye ni. Wanda ya zo ya same ni a wurin, shi ya san da wa ya gamu."

Umma ta ce Hajiya ba ita ke zuwa sabunta iƙama ba. Hajiya ta ce ta sabunta ta tun kafin a haifi Umma, kuma ba ta taɓa ganin an rubuta a jikinta cewa mai ita ya bi bango ba. Abba ya shigo ɗaukar nama ya tarar da su, ya ji kan zancen, ya ce shi dai kada a ƙona masa wuta biyu, ta gidan abinci ta ishe shi, ya fita. Ba wanda ya ba ni izini, ba kuma wanda ya ɗaure ni.

Ranar wasan, da La'asar ne, Khala ma ta zo kallo da wata ƙanwarta, suka zauna bayan gilashi da 'yan kofunan gahawa. Ban so haka ba. Kabtin ta zauna a kan doguwar kujerar alƙali. Abla ta ɗaure gashinta, ta yi mini murmushi ta ce yalla, mu gama da wuri, tana da fita.

Zagayen farko ita ta ci. Zuciyata na cewa tsakiya, ƙafafuna na cewa bango, kuma ƙafafun sun girmi zuciyar a wannan aiki. Da muka fito shan ruwa Kabtin ba ta ko dube ni ba, tana danna wayarta. Na san lambar wa take nema. Na tsaya ina kallon ɗakin ta cikin gilashi, babu kowa ciki, fitilu sun haske katakon, da baƙaƙen tabon ƙwallo a bangon gaba, waɗanda da yawansu nawa ne. Na ce a raina in dai fita zan yi daga ɗakin nan, to ba da bayana a jikin bango zan fita ba.

Da muka koma na buga doguwa ta bi bangon hagu, na taka na tsaya a mahaɗar layuka. Abla ta taho ta inda ta saba samu a buɗe, ta same ni. Kafaɗarta ta daki bayana. Ta tsaya ta dubi Kabtin, tana jiran a ce na tare ta. Kabtin ta ce a'a, hanyarki ga ƙwallo a buɗe take, ke kika zaɓi ki bi ta kanta. Abla ta yi 'yar dariya ta ce mini sannu, kamar ni ce na yi tuntuɓe.

Daga tsakiya ɗakin daban yake. Ban taɓa sanin ƙanƙantarsa ba sai ran nan. Ko'ina taku biyu ne. Na ga lungunan nan huɗu a shimfiɗe a gabana kamar faranti, na riƙa aika ƙwallo inda na ga dama, Abla na zagaye ni, ina jin takalminta na kuka a kan katako. Wannan zagayen da na yi shekara da shekaru ina yi, yau ita ke yinsa.

Abu mafi wuya yana gaba. Ta buga wata gajeriya ta tsaya cak a gabana, yadda ta saba, ta raba ni da ƙwallon. A doka, sai ka dakata ka ɗaga hannu ka nemi alƙali ya duba. Da can zagayawa nake yi. Na dakata. Hannuna ya yi nauyi kamar taɓarya, amma na ɗaga shi, a gaban Khala, a gaban ƙanwar Khala. Kabtin ta ce maki nawa ne, don da ba a tare ni ba da na kashe ƙwallon. Na ci wannan zagayen, na ci na bayansa.

Kafin na ƙarshe, muna tsaye a ciki an rufe ƙofar gilashi, Abla ta matso kamar za ta miƙo mini ƙwallo. Fuskarta ta yi ja, gashi ya manne mata a goshi. Ta yi ƙasa da murya yadda na waje ba za su ji ba.

"Kin manta wa ya kawo ki nan?"

"Ban manta ba, Abla. Ke ce da bugu."

Ta buga. Ta buga da zuciya, kuma gaskiya ban taɓa ganin ta yi wasa mai kyau kamar na wannan zagayen ba. Ta daina jira a share mata, ta fara ƙwatar tsakiya da kanta, muka yi ta gogayya kafaɗa da kafaɗa, luguden ya yi tsawo har na ji kamar ƙirjina zai tsage. Amma ni na ci. Na miƙa mata hannu yadda ake yi, ta taɓa shi da yatsu biyu ta fita.

Da na sauya kaya na fito, motarsu ta tafi. Kabtin ce ta kai ni bakin titinmu a tata motar. Ba ta yi maganar wasan ba sai da zan sauka, ta ce ta so ta gyara ɗaliba ɗaya ne, tana tsoron ta jawo wa ɗayar asara. Na ce ba ita ta ɗaga hannuna ba.

Direba bai sake zuwa ba. Umma ta rame a 'yan kwanakin nan, duk wayar da ta yi ƙara sai ta dafe ƙirji. Daga ƙarshe ta yi waina cike da kula, da miyar taushe, ta ce in sa abayata mu je ban haƙuri. Na ce zan raka ta. A mota ta yi ta maimaita mini abin da zan ce, kalma uku ce kawai ta Larabci, ko jariri zai iya.

Khala ta karɓe mu a ƙaramin falo, ba wanda muka saba zama ba. Na cire takalmi, na rusuna, na sumbaci kanta, na tambayi lafiyar kowa har da kyanwarsu. Na zuba mata gahawa da hannun dama na tsaya har ta sha. Duk abin da aka koya mini na yi, ban rage ko ɗaya ba. Khala ta ce 'yarta ranta a ɓace yake, ba ta zaci haka daga wadda ta ɗauka kamar ƙanwa ba, a gaban baƙi kuma. Umma ta taka mini ƙafa a hankali.

"Khala, na zo gaishe ku ne, kuma ina gode wa Abla har abada. Amma a cikin ɗakin nan ban yi mata laifi ba. Akwai alƙali."

Kaina a sunkuye yake, amma na faɗa. Khala ta ajiye kofinta ta ce da Umma, Masha Allah, 'yarki ta yi karatu. Abla ba ta sauko ba. Da muka iso Hindawiyya, a bakin lungu Umma ta ce da ta san haka zan yi da ta bar wainar mun ci abarmu.

Abin da Umma ke tsoro bai faru ba. Kafili ya leƙa gidan abinci ya ce da Abba ya ji 'yarsa ta lallasa tasa, ya yi dariya, ya ce sha'anin mata ne, ya sa a naɗe masa tsire. Da lokacin iƙama ya yi aka sabunta. Abin da ni nake tsoro shi ya faru. An cire ni daga baƙuwar Abla, aka sa 'yar Masar ɗin. Raket ɗina ya koma saman kabad, na riƙa sauko da shi ina share masa ƙura ina mayarwa. Watannin nan ba su yi mini daɗi ba, ba zan ɓoye ba. Nakan farka hannuna na motsi shi kaɗai. Daga baya wata ƙawata 'yar Hausawan Sudan da ke unguwar Kurayyat ta gano wani tsohon ɗakin iskwash a wurin motsa jikin da take zuwa, katakonsa ya kumbura a gefe ɗaya, rabin fitilun sun mutu, sai mun fitar da tabarmin motsa jiki da aka jibge ciki kafin mu buga. Ba kullum muke samu ba. Ba ta iya sosai ba, amma ba ta kauce wa kowa.

An zaɓi Abla. Da taron ya zo na kalli wasanta a waya, ni da Hajiya a tsakar gida, ta kafa tabarau tana neman ƙwallon ba ta gani. Ta ce in nuna mata tamu, na nuna mata Abla. Wata doguwar yarinya ce ta fitar da ita a karon farko, amma ba a banza ba, sai da ta sa yarinyar ta durƙusa tana haki. Na sami kaina a tsaye ina cewa koma tsakiya, koma tsakiya, Hajiya na cewa in zauna na tare mata iska.

Bayan sun dawo da 'yan makonni wayata ta yi ƙara da rana, na ga Abla ce. Ta gaishe ni sama-sama, ta ce 'yar Masar ta koma ƙasarsu, Kabtin ma kwantiraginta ya ƙare, ba ta da abokiyar bugu. Ta ce abin da ya wuce ya wuce, ba sai na ce komai ba, direba zai zo ya ɗauke ni mu ci gaba kamar da. Na rufe ido na ga farin ɗakin nan da sanyinsa da katakon da bai kumbura ba. Na so in ce to, har harshena ya ɗauko.

"Zan zo da gudu, Abla. Amma ba kamar da ba. Kamar ranar ƙarshe."

Ina jin ƙarar talabijin a bayanta. Ta ce ita motsa jiki take so yanzu, ba yaƙi ba. Na ce ni ma ba yaƙi nake so ba, wasan nake so, kuma yadda ake yinsa ke nan. Ta ce khalas, shi ke nan, ta kashe wayar.

Umma na ƙofar kicin tana tsintar shinkafa, ta ji komai. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce ƙofa ta buɗe da kanta na sa ƙafa na rufe, wannan taurin kai ba a danginta na gado shi ba. Daga cikin ɗaki Hajiya ta ce tana ji, kuma ba ta musa ba. Umma ta turo mini farantin ta ce tunda na zama 'yar gida sai in tsince tsakuwar, idona ya fi nata.